Wa Ya Fi Mugunta? Ma'aunin da Masu Kallo Ke Auna Bos da Shi

Idan aka tashi daga kallon fim aka koma majalisa, ba a daɗewa ana maganar jarumi. Kowa ya san ƙarshensa tun kafin a fara, akta ba ya mutuwa, in ma ya mutu sai ya gama aikinsa. Bos ne ke riƙe hira har dare ya raba. Wani ya ce bai taɓa ganin mugu irin wannan ba, wani ya ce ai wannan yaro ne in aka ajiye shi kusa da wane, sai musu ya kaure. Tun zamanin da ake cika sinimun Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba ake wannan gardama, kuma ba ta mutu ba yanzu da fim ya koma cikin waya, fassarar Indiya-Hausa ta shiga kowane lungu. Masoya labarai a Amurka da Ingila da Indiya ma suna yin ta, har sun fi mu zafi a kanta. Mutane da yawa na ɗaukar ta hirar banza. Ni kuwa na daɗe ina ganin akwai abin dubawa a cikinta, domin a nan ne mutum ke fito da ma'aunin da yake auna sharri da shi ba tare da ya sani ba.

Mu fara da mugaye biyu da duk tsohon mai kallon fim ɗin Indiya ya sani. Akwai Mogambo na fim ɗin Mr. India, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni a 1987, Amrish Puri ya hau kujerar bos. Mogambo yana da tsibiri nasa, da sojoji, da makamai masu linzami da ya saita don ya rusa Indiya. Yana da ramin ruwan guba wanda in ya ɗaga murya sojojinsa ke faɗawa ciki don nuna biyayya. Sai kuma Gabbar Singh na Sholay, fim ɗin Ramesh Sippy na 1975, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa. Gabbar ɗan fashi ne kawai a cikin duwatsu, mulkinsa bai wuce ƙauyen Ramgarh da kewaye ba, abin da yake ƙwata hatsi ne. In lissafi za a bi, Mogambo ya ninka shi sau dubu. Amma tambayi wanda ya kalli finafinan biyu wanne ya fi tsana. Mogambo ana kwaikwayon maganarsa ana dariya, yara na wasa da sunansa. Gabbar kuwa, wanda ya karkashe iyalin wani mutumin ƙauyen da ake kira Thakur har da ɗan jikansa ƙarami, sannan ya ɗaure shi ya sare masa hannuwa biyu ya bar shi da rai don ya ɗanɗana, ba a tuna shi da irin wannan sauƙin zuciya.

A nan masu gardama suke rabuwa gida biyu. Gida na farko masu ƙirga gawa ne: wa ya kashe mutum nawa, wa ya rusa gari, wa ya rusa duniya. Hujjarsu tana da sauƙin riƙewa, shi ya sa matasa suka fi son ta. Da wannan ma'auni babu mai kamo Thanos na fim ɗin Avengers na 2018, wanda ya shafe rabin duk wani mai rai da ƙyasta yatsu sau ɗaya. Gida na biyu kuwa suna tambayar yadda aka yi abin, da wanda aka yi wa, da abin da ke zuciyar mai yi sa'ad da yake yi.

Cikin masoya labarai na ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci har suka kafa masa sharuɗɗa kamar alƙalai. Kafin su amince a kira wani tsantsar mugu, sai ya kasance yana da hankali da zaɓi, watau ba dabba ba ce ko na'urar da aka saita. Sai muguntarsa ta zarce ta sauran mugayen da ke cikin labarinsa, ba a auna bos ɗin fim ɗin yara da na fim ɗin yaƙi. Sai an nuna aika-aikar ko an bayyana ta sosai, ba a ce kawai an ji labari ba. Sannan sai an rasa ko ɗigon alheri a tare da shi: ba ya son kowa, ba ya nadama, babu wani rauni na baya da zai sa a tausaya masa. Sharaɗin farko ya yi mini daidai, kuma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun fiƙihu, inda ake koya mana cewa mahaukaci da ƙaramin yaro ba mukallafai ba ne. Kura a tatsuniya tana cin mutane, amma ba wanda ke ƙullatar ta, yunwa ce da wauta. Dodo ma haka, halittarsa ke nan. Sharaɗi na ƙarshe ne nake da ja a kansa, zan komo gare shi.

A shekarar 2003 cibiyar finafinai ta Amurka, wadda ake kira AFI, ta fitar da jerin manyan mugaye hamsin na finafinan ƙasar. Hannibal Lecter, likitan nan mai cin naman mutane, shi ya zo na ɗaya, Norman Bates na biyu, Darth Vader na uku. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ta biyar, Nas Ratched ta fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin masu taɓin hankali. Ba ta riƙe bindiga, ba ta ɗaga murya. Makaminta dokar asibiti da sanin sirrin marasa lafiyar da aka damƙa mata. Ta san abin da wani matashi cikinsu ya fi tsoro, ta yi masa barazanar za ta kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa, yaron ya kashe kansa. Aka ɗora ta sama da 'yan ta'adda da aljanu da mahara daga wata duniya.

A shekarar 2003 ɗin dai littafi na biyar na Harry Potter ya fito, ya zo da macen da ta raba kan masu karatu har yau. Babban mugun labarin Voldemort ne, wanda ya kashe iyayen Harry, ya tara mabiya, ya jefa al'ummar matsafa cikin yaƙi. Amma in aka tambayi masoya littafin wa suka fi ƙi, da yawa Dolores Umbridge suke ambata. Jami'ar ma'aikatar gwamnati ce da aka turo makaranta ta koyar. Tana sa tufafi ruwan hoda, ta ƙawata ofishinta da farantai masu hoton 'yan kyanwa, tana magana da siririyar murya kamar mai rarrashin jariri. Da wannan muryar ta zaunar da yaro ɗan shekara goma sha biyar, ta ba shi alƙalamin da ke rubutu da jinin mai riƙe da shi yana tsaga bayan hannunsa, ta sa ya yi ta rubuta cewa kada ya yi ƙarya alhali gaskiya ya faɗa. Marubucin labaran ban tsoro Stephen King, da ya yi sharhin littafin, ya ce tun bayan Hannibal Lecter ba a ƙirƙiri mugu kamar ta ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana ƙera dodanni ne ya faɗi haka.

Dalilin a fili yake a wurina. Ba wanda ya taɓa haɗuwa da Voldemort. Umbridge kuwa kowa ya taɓa tsayawa gaban teburinta. Ita ce wanda aka ba ɗan ƙaramin iko a kan marasa ƙarfi, ya gano yana jin daɗin wahalar da su, kuma doka na bayansa. Bahaushe ya daɗe da yi wa irinta suna: Musa a baki, Fir'auna a zuci. Gawa miliyan a allo lamba ce, zuciya ba ta da wurin ajiye ta. Tabo ɗaya a bayan hannun yaro kuwa mai kallo yana jin sa a nasa hannun.

Harshenmu ma ya fi masu ƙirga gawa dabara, don bai tara komai cikin kalma ɗaya ba. Akwai mugunta, akwai ƙeta, wadda ita ce cutar da mutum ba don wata riba ba sai don a ga ya sha wuya. Akwai zalunci, wanda ke buƙatar mai ƙarfi da mara ƙarfi. Akwai cin amana, wanda ba ya yiwuwa sai daga wanda aka yarda da shi. Idan aka saurari musun majalisa da kyau za a ji cewa sau da yawa ba a kan bos ake saɓani ba, a kan wanne cikin waɗannan ya fi nauyi ake yi. Kuma adabinmu ya nuna inda muka karkata. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, akwai sarkin da ya kawo yaƙi daga waje, amma ba shi mai karatu ke riƙewa a zuci ba. Waziri ne, wanda ke cikin fada, yana faɗuwa gaban Sarki Abdurrahman yana gaisuwa, yana ƙulla yadda za a fitar da Musa ɗan Sarkin daga gida a hallaka shi. Da ɗan gari akan ci gari. A tatsuniyoyin da kakanni ke yi mana ma, Dodo tsoro kawai yake ba yara, amma kishiyar uwa mai aiken marainiya rafin da ta san ba a dawowa, ita ce ake yi wa Allah ya isa.

Akwai kuma abin da ke wanke mugu a idon mai kallo ko da bai cancanta ba, shi ne dariya. Gizo maƙaryaci ne, mai son kai, ya sha cutar Ƙoƙi da duk wanda ya yarda da shi, amma ba a taɓa sa shi cikin jerin mugaye. Malam Zurƙe da Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja sun yi ta jefa juna cikin masifu waɗanda in a zahiri ne da an kai su gaban alƙali, mu kuwa muna karantawa muna ƙyalƙyatawa. Dariyar nan ce ta ceci Mogambo.

Yanzu ga jayayyata da sharaɗin nan na cewa cikakken mugu sai wanda ba shi da ɗigon alheri. Da shi ake cire Thanos daga sahun gaba, wai don ya zubar da hawaye sa'ad da ya jefa Gamora, 'yar da ya raina, daga kan dutse domin ya mallaki abin da yake nema. Suka ce yana ƙaunarta, saboda haka akwai sauran mutum a cikinsa. Wasu ma suka zarce suna kare shi, wai manufarsa ceton halitta daga yunwa. Ni a wurina hawayen nan su ne hujja mafi ƙarfi a kansa. Wanda bai san ƙauna ba ya kashe, ya yi kusa da kura. Wanda ya san ta, ya ji zafinta, ya auna 'yarsa da burinsa ya zaɓi burin, ya san ainihin abin da ya aikata. Sanin nan ƙara masa laifi yake yi.

Littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko a shekarun 1930, ya fi finafinan nan fahimtar wannan. An zalunci Abubakar da gaske: attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainab wadda yake so. Duk mai karatu yana tare da shi a farko. Sai ya bar wanda ya cuce shi, ya sha wahalar duniya yana neman asirin da zai lalata ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya tashi ɓarawo ya zama sanadin rushewar gidansu. Bisa sharuɗɗan masoyan can, Abubakar ba zai shiga jeri ba, yana da dalili, an taɓa tausaya masa. Amma mutumin da ya ɗanɗani zalunci ya san ɗacinsa, sannan ya zauna shekaru yana shirya shi ga jariri, ban ga abin da ya rage masa ba. Neman mugu mara ko ɗigon alheri yana kai mu ga halittar da ba ta kama da kowa, alhali waɗanda suke cutar da mutane a gari suna da 'ya'yan da suke so, suna zuwa ta'aziyya, suna raba goron Sallah.

Sharaɗin da na fi yarda da shi cikin nasu shi ne na cewa sai an nuna. Mugu ba ya da nauyi sai gwargwadon yadda mai labari ya sa muka san wanda aka cuta. Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda suka rubuta Sholay, sun gane haka. Sun ɗauki lokaci suna nuna mana Ahmed, saurayi ɗan limamin ƙauyen, tsoho makaho wanda ba shi da kowa sai shi. Mun ga yaron yana nawa, ba ya son tafiya birni aiki ya bar uban shi kaɗai, mun ga yadda aka lallashe shi har ya yarda. A hanya ya faɗa hannun mutanen Gabbar. Bai yi musu komai ba, ba ya cikin faɗan. Gabbar ya kashe shi don kawai ya aika wa ƙauyen saƙo, aka ɗora gawar a kan doki aka koro shi gida. Mutane suka taru suka yi tsit. Tsohon ya fito yana lalube, yana tambayar abin da ya sa garin ya yi shiru, har hannunsa ya sauka a kan fuskar ɗansa. Ana cikin haka aka kira salla, ya juya, aka kama hannunsa aka nufi masallaci da shi.