Masallacin Gishiri na Tagaza: Wa Ya Ɗora Tubalin?

Bara mushen tarihinmu ya raba mana fotokopin wasu shafuka daga Rihla, littafin tafiye-tafiyen Ibn Baɗuɗa. Cikin duk abin da na karanta, wani ɗan gini ne ya tsaya mini a rai: masallacin Tagaza, ƙauyen haƙar gishiri da ke can ƙuryar arewacin Mali ta yau.

A 1352 Ibn Baɗuɗa ya taso daga Sijilmasa cikin ayari, suka yi kwana 25 a hanya, ya sauka Tagaza ya yi kwana 10. Ya ba da labarin cewa gidajen garin da masallacinsu duk da tubalin gishiri aka gina su, rufin kuma fatun raƙuma. Babu itace ko ɗaya, ruwan zartsi ne, ga ƙudaje. Mazauna wurin bayin ƙabilar Masufa ne, su ke haƙar gishirin, abincinsu dabino da naman raƙumi da hatsin da ake kawowa daga kudu.

Gaskiya mutumin yana da ido, wannan ba a raba shi da shi. Da kalmomi kaɗan ya sa ka ga garin, har ka gane dalilin ginin da kanka: inda babu itacen azara, babu kuma ruwan saman da zai narkar da bango, gishiri da fata su ne kayan aikin magini. Wanda ya taɓa jin labarin katangun Fashi daga bakin masu zuwa Bilma ɗaukar kantu ba zai ce ƙarya ce ba.

To amma ga inda ya ɓata mini rai. Da ya zo kan ciniki sai alƙalaminsa ya saki jiki. Raƙumi yana ɗaukar falle biyu na gishiri. Kaya guda miskali 8 zuwa 10 na zinariya a Walata, a birnin Mali kuwa 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Masallacin fa? Ambato ɗaya ya samu, shi ke nan. Wa ya gina shi? Wa ke limanci? Da wane harshe suke gaisawa in an sallame? Kwana goma salla hamsin ke nan fa, jama'a! Kuma mai labarin alƙali ne, wanda a sauran garuruwa ba ya gajiya da jero sunayen malamai da masu masaukinsa. A Tagaza bai kira sunan mazauni ko ɗaya ba.

Wani abokina a fada ya ce in bar bawan Allah ya huta, ɗan zamaninsa ne. Haka ne. Ai a 1353, da ya iso Takadda, garin tagulla da masana ke dangantawa da Azelik kusa da Ingal, shi da kansa ya shiga neman baiwar da zai saya. Ban ce ya zama wani mutum daban ba. Cewa nake mu kada mu ari idonsa mu manta aro ne. A ganina masallacin nan shi ne babbar shaida a shafin gaba ɗaya. Mutanen da aka ajiye don su haƙa kawai, sun ware wani abu daga gishirin da ake auna shi da zinariya, sun tsayar da alƙibla. Marubucin ya ga bangon, bai ga masu shi ba.

A ƙarni na 16 Maroko da Songai suka yi ta ja-in-ja a kan ma'adinin, har aka watse aka koma haƙa a Tawdanni. Da Bafaranshen nan René Caillié ya bi ta wurin a 1828, kufai ya tarar. Farashin gishirin yana nan a rubuce, sunan maginan kuwa ya bi iska.

Abin da ya sa na damu, kawuna ya yi aiki shekaru a Akokan, kusa da Arlit. Da aka rufe ma'adinin can a 2021, a rediyo na ji ana ta lissafin tan nawa na uraniyom aka haƙo. Shi kuwa in ya zauna hira, zancensa ɗaya: ɗan masallacin unguwarsu da suka yi karo-karo suka gina, da wanda ya kawo kwano, da wanda ya fara kiran salla. Sai na lura ni ma ban taɓa rubuta ko suna ɗaya ba. Ashe ina zargin Ibn Baɗuɗa da laifin da nake cikinsa tsundum.

Hutun nan zan je wurinsa da kaye da biro. Ku ma in akwai tsohon gini a garinku, kada ku tsaya ga shekarar da aka gina shi. Ku tambayi wa ya kwaɓa ƙasar, tun masu amsar suna raye.