Dandaji: Ƙauyen da Ya Nuna wa Duniya Darajar Inuwa da Jan Ƙasa

A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar akwai wani ƙauyen Hausawa mai suna Dandaji, mai mutum kimanin 3,000, galibinsu yara da matasa. Busasshiyar ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, ga rana mai dukan tsakar ka irin wadda muka sani a Yankwashi da Babura in bazara ta kama. A wannan ƙauye ne aka kammala ayyuka biyu a shekarar 2018: sabuwar kasuwa, da harabar da aka raɗa wa suna Hikma, mai masallaci da ɗakin karatu. Tun da na ci karo da hotunansu da zanen yadda aka tsara su, ban gaji da kallo ba, ban kuma gaji da ba mutane labari ba. Wallahi aiki ne na a-zo-a-gani, kuma ina so duk ɗan ƙasar Kazaure ya san da shi.

Gwanar da ta tsara su ita ce Hajiya Mariam Issoufou, wadda duniya ta fara sani da Mariam Kamara, 'yar Nijar da aka haifa a 1979. Da fari ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, har ta yi shekaru tana aiki da shi, sannan ta ajiye ta koma aji ta koyi zanen gine-gine a Jami'ar Washington, ta gama a 2013. Shekara guda bayan haka ta buɗe ofishinta a Yamai. A aikin Hikma ta haɗa kai da abokiyar karatunta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran. Mata biyu, masu ilimin zamani, suka nufi ƙauye suka zauna da magina da liman da mata da ɗalibai, suka saurara kafin su ja layi ko ɗaya a takarda. Wannan kaɗai ya isa a jinjina musu.

Bari in fara da kasuwar, domin ita ta fi sace zuciyata. Kasuwar Dandaji ta da ta mako-mako ce, tana ci a kewayen wata tsohuwar itaciya da kaka da kakanni suka zauna a gindinta. Da wani mai tsara gini ne ya zo, da abin da zai fara nema shi ne gatari, don a samu fili a jera shaguna. Mariam kuwa itaciyar ta mai da cibiyar komai. Ta kewaye ta da dakali hawa-hawa, wurin zama da hira da taro da wasan yara, sannan ta jera rumfuna 52 na bulon ƙasa suna fuskantar hanyoyin da ke kai mutum gare ta. Duk inda ka shigo, ƙafarka gindin itaciyar za ta kai ka. Kasuwar da ke ci rana ɗaya aka gina ta yadda za ta iya ci kullum.

To, sauran wurin fa, inda babu itace, kuma ko an dasa sai an yi shekaru ana jira? Nan ne basirar ta fito fili. Aka sa maƙera suka sarrafa tsohon ƙarfe, suka yi faifai manya-manya masu launi-launi, aka ɗora su a kan sanduna, wani sama wani ƙasa, suna hawa kan juna kamar ganyen durumi. Inuwa ta samu, iska mai zafi kuma tana samun kafar fita ta tsakaninsu, ba irin rumfar kwano da ke dafa mai kaya da mai saye ba. Daga nesa launukan na kiran ido, daga kusa kuma mai tumatir da mai daddawa suna zaune cikin sanyi. Kai, madalla da wannan tunani! Abin ado ne, abin amfani ne kuma.

Harabar Hikma kuwa labarinta ya fi daɗi. Tsohon masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, ya tsufa ya fara zubewa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Ba ƙaramin magini ne ya tsara shi ba: Alhaji Falke Barmou ne, gwanin da ya gina masallacin Yama a nan jihar Tawa, wanda aka soma a 1962, aka yi ta ƙawata shi da tulluwa da hasumiyoyi huɗu har zuwa 1982, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Rushe aikin irin wannan mutum asara ce da ba ta da mayi. Sai aka yanke shawarar a gyara shi a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Aka gayyato maginan da suka yi aikin farko suka sa hannu, suka koyar, su ma suka koyi sababbin dabarun kare ginin ƙasa daga zaizaya. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Sunan harabar daga Baitul Hikma ta Bagadaza aka ɗauko shi, gidan ilimin nan na zamanin Abbasiyawa inda malaman addini da masana lissafi da taurari suka yi aiki ƙarƙashin rufi ɗaya. Haka aka so Dandaji ta zama. Yaro ya fito daga ɗakin karatu ya ratsa fili ya shiga sahu, ya idar da salla ya koma kan littafinsa. Mata suna da wurin koyon karatu da sana'a. Sabon masallacin da bulon ƙasa aka gina shi, ƙasar da aka haƙo a kusa, aka matse ta da inji ba tare da an gasa ba, aka taƙaita siminti da ƙarfe ga inda ya zama dole. Kauri da nauyin bangon ƙasa suna riƙe sanyin dare su sake shi da rana, abin da kakanninmu masu soro suka sani tun kafin a ƙirƙiro na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da ya sa na ce aikin ya kai maƙura shi ne filin da ke tsakanin gine-ginen biyu. Ba a bar shi fayau ba, ba a kuma shafe shi da siminti ba. An dasa itatuwa, an haƙa ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina, daga nan ake shayar da shukokin ɗigo-ɗigo idan rani ya yi. Wannan shi ne ainihin ilimin tsara fili, fannin da ke kula da abin da ke wajen bango: ina ruwa zai bi, ina inuwa za ta faɗa da azahar, wace itaciya ce za ta jure, ina tsoho zai huta, ina mace za ta zauna hankali kwance. Gini kan tsufa da shekaru, amma filin da aka tsara da kyau ƙara kyau yake yi, domin itatuwansa girma suke yi.

Duniya ba ta yi jinkirin gani ba. Aikin Hikma ya ci lambar zinariya ta kyautar LafargeHolcim a shiyyar Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ya ci ta azurfa a matakin duniya a 2018. A 2019 Mariam ta karɓi kyautar Prince Claus ta ƙasar Holan, yau kuma farfesa ce a ETH Zurich ta Suwizalan, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in fasaha na Turai. A 2023, a babban baje kolin zanen gine-gine na birnin Venice a Italiya, wanda Lesley Lokko 'yar asalin Ghana ta jagoranta, ofishin Mariam ya zana taswirorin gine-gine da hannu a jikin bangon zauren, maziyarta daga ko'ina suka tsaya suna kallo. A bikin ne kuma aka ba dattijo Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya, lambar girmamawa ta aikin rayuwa. Mu da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'ar Zariya, yaya ba za mu ji kanmu ya yi girma ba?

Yanzu sai mu waiwayo gida. Birane masu bakin teku sun daɗe da gane cewa gaɓar ruwa dukiya ce. Barcelona ta Sifen ta kwashe tsofaffin masana'antu da layin dogo daga gaɓarta gab da wasannin Olamfik na 1992, ta mai da wurin rairayin shaƙatawa da hanyar tafiya a ƙasa. Mu ba mu da teku, amma muna da dam ɗin Kazaure, muna da duwatsun Roni, muna da kududdufai a kusan kowane gari, muna da kasuwannin Karkarna da Gwiwa da Babura. Ku yi tunanin bakin ruwan nan da jerin tsamiya da kanya da gawo, da dakalin zama, da matakalar da masunta da masu wanki za su sauka lafiya, da rumfunan masu kifi. Ƙasar gini tana ƙarƙashin ƙafarmu, maƙera da magina suna cikin unguwanninmu, ruwan damina kuwa kowace shekara yana zuba ya wuce.

Abin da ya rage shi ne masu ilimin haɗa su. Ana koyar da tsara fili a matakin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, inda yaro zai iya kafa tubalin karatun fasaha. Ƙannena maza da mata, ku nemi hotunan Dandaji ku ƙura musu ido, wanda ya samu hali ya je, domin gani ya kori ji. Iyayenmu hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, in za a sabunta kasuwa ko masallaci, a nemi shawarar mai tsara fili kafin a sare itace ko ɗaya. Allah ya saka wa Hajiya Mariam da maginan Dandaji da alheri, ya kuma fito mana da irinsu daga cikin 'ya'yanmu.