Ibada Ba Ma'abudi: Nazari a kan Littafin Alain de Botton

A shekarar 2012 marubucin nan mazaunin Landan, Alain de Botton, ya fitar da littafinsa Religion for Atheists, wato addini domin mulhidai. Tun a shafukan farko ya yanke cewa babu addinin da yake gaskiya, sannan ya wuce zuwa abin da ya fi damunsa: mutumin da ya bar addini ya rasa jama'a, ya rasa ranakun taruwa, ya rasa abin da zai yi ranar haihuwa da ranar mutuwa. Maganinsa shi ne a tsinto ayyukan ibada daga Kiristanci da Yahudanci da addinin Buddha, a wanke su daga aƙida, a ci gaba da amfani da su. Har ya kawo shawarar gina gidajen cin abinci inda baƙi za su zauna tare kamar masu tarayya a coci, da hasumiyoyin tunani marasa abin bauta. Musulunci kuwa kusan bai shigo lissafinsa ba, abin mamaki ga littafin da ke neman ibadar da ke tara jama'a kullum.

Dole a yi masa adalci. Ya gane cutar, kuma babinsa kan ilimi, inda yake nuna cewa addinai sun san ɗan Adam mai mantuwa ne shi ya sa suke maimaita darasi, ya fi yawancin abin da mulhidai suka rubuta zurfi. Rauninsa yana wajen fahimtar abin da ke riƙe ibada.

Imam Shaɗibi a cikin Al-Muwafaƙat ya bambanta ibadodi da al'adu: asali a al'adu shi ne duba ma'ana da maslaha, asali a ibada kuwa shi ne bin umarni ko da hikimar ba ta bayyana ba. De Botton ya ɗauki amfanin da ke biyo bayan ibada, irin su natsuwa da zumunci, ya mai da shi dalilinta. Amma mai fita sallar Asuba cikin hunturu ba lissafin zumunci ya tashe shi ba, umarni ne. Idan aka cire Mai umarnin, sai aikin ya koma zaɓi, zaɓi kuma yakan faɗi ranar da jiki ya yi nauyi. An gwada. Auguste Comte, wanda marubucin ke yabo, ya kafa Addinin Ɗan'adamtaka a Faransa, ya tsara kalanda mai wata 13 a 1849, bai samu mabiya masu yawa ba sai 'yan kaɗan, musamman a Birazil. Taron Sunday Assembly da aka fara a Landan a 2013, mai waƙe-waƙe da jawabi ba ambaton Ubangiji, ya bazu da sauri, rassa da dama kuma suka rufe bayan 'yan shekaru.

Mai karatu a kudancin Kano ba ya buƙatar zuwa Turai kafin ya auna wannan magana. A Bagauda ta ƙasar Bebeji akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ɗalibinta sai ya halarci liyafar cin abinci sau uku cikin tufafi ƙayyadaddu kafin a rantsar da shi, ranar rantsarwa kuma ya sa baƙar alkyabba da hular gashi ta lauyoyin Ingila. Ga al'ada marar addini da ta daɗe, har ta tsallaka teku. Sai dai abin da ya raya ta shi ne hukumar da ke iya hana mutum lasisi. Wato nan ma umarni ne, na mahukunta. Kuma ba ta kasance 'yar ba-ruwana ba kamar yadda littafin ke zato: a Disamba 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda hijabinta, sai a Yuli 2018 aka rantsar da ita da shi. Ashe al'adar da aka ce ta rabu da aƙida tana da haram da halas nata.

Misali na biyu yana ƙauyukan Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda zuriyar Maguzawa da yawa suka shiga Musulunci ko Kiristanci. Bautar iskoki da Joseph Greenberg ya bayyana a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano ta ja baya ƙwarai. Garaya da rawar bori sun saura, har akan hau da su dandamali a bukukuwan nuna al'adu, amma 'yan kallo tafi suke yi su watse, kuma ba a ga mai kai gawar mahaifinsa can ba. Da de Botton ya duba irin wannan, da ya ga abin da ke samun ibada bayan an daina tsoron wanda ake yi wa ita.

Littafin bai yi babi a kan wanka da suturta mamaci da binne shi ba, alhali a nan ne mai barin addini ya fi jin rashin. Ɗaliban ilimin Maƙasid za su amfana da karanta shi tare da juzu'i na biyu na Al-Muwafaƙat.