Gyaran Gangar Auzinawa

Shekara huɗu ke nan da muka haɗa kuɗi, mu samarin unguwa da wasu 'yan uwanmu mazauna Abuja da Legas, don mu ceto wani tsohon zaure a cikin birnin Kano. Zauren gidan malamai ne, inda iyayenmu da kakanninmu suka yi karatun allo. Yana da tulluwa a sama, bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiyar rufinsa, ga zankwaye a kusurwoyi kamar kunnen zomo. Bangonsa na gabas ya zaizaye har tubalin ya fito fili, don ta can ruwan damina ke dukan gini a ƙasar nan. Muka sayo siminti da yashi, muka kira birkila, aka shafe bangon sumul, aka bi da fenti ruwan ƙasa wai don ya yi kama da na da. Muka jeru aka ɗauke mu hoto, muka sa a Facebook, yabo ya yi ta zuwa.

Ranar da muka gama, wani tsohon magini da ke zaune a ƙofar masallacin unguwar ya taso, ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya ɗan ƙwanƙwasa. Ya ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Kun yi masa sutura."

Muka ce, "Mun gode, Baba." Mu a zatonmu riga yake nufi. Sai da damina biyu ta wuce, simintin ya ɓanɓaro ya faɗo ɓari guda da rabin bangon a manne a bayansa, sannan muka gane wace suturar ya faɗa.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka daga gefe nake jifa. Ina cikin masu murna da abin da ke faruwa a 'yan shekarun nan. Matasa sun fara waiwayar tsofaffin gine-gine. Ana haɗa ƙungiyoyin sa-kai, ana zagayen ƙofofin gari ranar Asabar, ana share harabar gidajen tarihi, ɗaliban zanen gini suna aune-aune, masu kyamara suna ɗaukar zanen dagi kafin ya goge. Da can in ka tsaya kallon tsohon soro sai a ɗauka ba ka da aikin yi. Yanzu kam an samu masu kallo. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu mun shigo aikin da kan 'yan kwangila: a tara kuɗi, a yi aiki a mako biyu, a yanke zare, a watse. Ginin ƙasa kuwa bai san wannan tsarin ba.

Katangar ƙasa tana shan ruwa da damina, tana fitar da shi da rani. Haka take rayuwa. Magina na da ba su taɓa ƙoƙarin toshe mata numfashi ba, abin da suke yi shi ne su sa mata fatar da za ta ci duka a madadinta. A kwaɓa ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a yi yaɓe. A kan yaɓen a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mai hali kuma ya sa laso a rufi da wuraren da ruwa ya fi duka, wato katsin marina da gashin majema da ruwan dafara. Duk waɗannan suna cinyewa a hankali, kuma don su cinye ɗin aka yi su. Ruwa ya ci yaɓe, tubali ya tsira, kafin damina ta gaba a sake. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, zama kawai yake a kanta kamar ƙoƙo a kan tulu. Rana ta buɗa shi, sanyin dare ya tsuke shi, ya yi tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki ya zama kunu. Gara ma ta samu danshi da duhu ta hau azara. Tsohon nan da ya ƙwanƙwasa bangonmu, ƙarar rami ya ji tun ranar farko.

Kuma ba mu ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ke wannan ba, daga sama muka gani. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 da fatan a sa su cikin kayan tarihin duniya. Je ka zagaya ka ƙirga nawa ya rage na badala, nawa ya koma shaguna da gidajen mai da juji. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Ƙofofi da dama yanzu na kankare ne, an yi musu zanko na siminti da fenti. Ban ce ba su da kyau ba, kuma ban ce titi bai buƙaci faɗi ba, duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson ƙofar gari ya san zafin abin. Amma yaron da ya tashi yana ganin waɗannan a matsayin "ƙofofin tarihi" me zai hana shi, ranar da ya tara kuɗin gyaran zauren kakansa, ya nufi shagon siminti kai tsaye? Mu ma abin da muka yi ke nan.

Hausawa kan kira irin wannan aiki gyaran gangar Auzinawa. Ni dai ina ganin an ɗora wa mutanen Abzin laifin da ba nasu ba, aƙalla a fagen gini. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ta ƙasa ce zalla, asalinta tun ƙarni na 16, kuma tana nan tsaye, har tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Itatuwan da suka firfito a jikinta ba ado ba ne kawai, matakala ce da aka bar wa masu yaɓe. Wanda ya gina ta ya san za a dawo, sai ya bar wa masu dawowa wurin taka ƙafa.

Haka abin yake a Jenne ta ƙasar Mali. Masallacinsu na yanzu an gina shi a 1907, kuma kowace shekara kafin damina gari kan fito gaba ɗaya a yaɓe shi. Kwanaki kafin ranar an jiƙa laka a ramuka, yara suna tattaka ta. Ranar aiki mata na ɗebo ruwa, samari na tsere da kwanduna a ka, unguwanni na gasar wanda zai riga gama ɓangarensa, magina na sama suna shafawa, tsofaffin magina na zaune suna sa ido. Kafin rana ta take an gama. Wannan ne babban aikin sa-kai na adana gini a yankinmu na Afirka, kuma ba shi da ofis ko takardar rajista. Mu ma muna da sunansa, gayya. Da gayya ake gyaran ganuwa a da, kowace unguwa da ƙauye da yankin da aka yanka musu, Sarkin Magina da mutanensa suna tsaye a kai. Da aka daina tsoron mahara aka daina fitowa, ganuwa ta fara narkewa tun kafin masu yanka filaye su zo su ƙarasa ta.

Inda aka bar wannan dawowar, ko aka yi ta rabi da rabi, lissafin yakan zo da tsada. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Wannan shi ne ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a shekarun 1830, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa, wanda har aka kwaikwayi siffarsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Shekara guda bayan haka, a farkon Satumba na 2024, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya zube bayan ruwa mai yawa, mutane suna ɗaukar faɗuwarsa da waya. Bayan kowanne an yi jimami, an yi alkawura. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, indararo guda da ya toshe da leda, ko tsaga guda a rufi da ba a liƙe ba kafin ruwan fari, aikin mutum biyu ne na yini ɗaya. Irin aikin da ƙungiyar sa-kai za ta iya ke nan ba tare da ta jira gwamnati ko Turawa ba. Sai dai ba ya kyau a hoto. Wa zai danna maka yabo don ka zaro leda daga indararo?

Akwai darasi kuma daga Legas, ko da yake gininsu ba irin namu ba ne. Ƙungiyar Legacy, wadda aka kafa a 1995, ta 'yan sa-kai ce. Ta karɓi wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa a Ebute Metta, Jaekel House, wanda aka gina a 1898, ta gyara shi, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi a 2010. Gidan yana nan don akwai masu buɗe shi da safe, masu share shi, masu lura in rufi ya fara yoyo. A Legas ɗin dai a da akwai ginin Ilojo Bar, wanda gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. Takardar doka tana nan a ofis, ginin babu. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano ma, da a ce kulle su aka yi aka tafi da makulli, da tuni labarinsu ake bayarwa.

Na san abin da za a ce mini, don mahaifiyata ma ta faɗa. Ta ce ku da kuke kwana a ɗakin bulo da fanka, ku ne za ku ce wa mutane su zauna a gidan ƙasa? Ta yi shekara talatin tana tara kwanoni a tsakar ɗaki duk daren da hadari ya taso, ba ta da wata soyayya ga azara. Gaskiyarta ne. Kowace damina ana jin gini ya faɗa wa iyali a wani wuri. Ga kuma rabon gado: gida ɗaya magada ashirin, ba mai iya biyan sauran, sai a sayar wa mai kuɗi ya tayar da filaza. Ba wata ƙungiya da za ta tare wannan, kuma ban ga dalilin da za a hana talaka bulo don mu samu abin ɗauka a hoto ba. Ba kowane gidan ƙasa ne za a ceta ba. Amma a kowace tsohuwar unguwa akwai zaure ɗaya ko biyu, ko masallaci, ko soron wani attajirin fatake, da kowa ya yarda asara ne a rasa. Ƙungiya ta ɗauki ɗaya tak, ta riƙe shi shekara goma, ya fi ta taɓa goma ta bar su.

Kuma in ta ɗauka, kuɗin ya tafi wurin magini. Nan ne gaba ɗaya muke kuskure. Mun fi sakin hannu wajen buga riguna masu tambarin ƙungiya da allon sanarwa fiye da biyan mutumin da ya san yadda ake ɗaura azara ta zama baka. Waɗanda suka iya ɗaurin guga da haɗa laso sun tsufa, 'ya'yansu sun koma birkila ko tuƙin A Daidaita Sahu, don nan abinci yake. Kayan aikin ma suna ɓacewa tare da su. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike su an yi gini. Marina ta ragu, katsi ya yi wuya. Giginya sai an yi tafiya mai nisa. In magini ya san cewa duk shekara, bayan sallah ko kafin ruwa, akwai aikin wata guda da za a biya shi da daraja, zai ajiye yaro ɗaya kusa da shi ya koya. In babu wannan, nan da shekara ashirin ko an samu kuɗin UNESCO sai dai a ɗauko masani daga waje ya karanta mana a littafi yadda kakanninmu ke kwaɓa ƙasa.

Zaurenmu dai bai faɗi duka ba, Allah ya taimaka tulluwar ta tsaya. Muka koma wurin tsohon nan da kunya. Bai yi mana gori ba, ya dai ce a fara ɓanɓare sauran simintin, a bar bangon ya sha iska wata biyu kafin a taɓa shi. Cikin mu goma sha bakwai da muka jeru a hoton farko, shida ne suka zo ɓanɓara. Ranar kwaɓa ƙasa muka zama huɗu, sai almajiran gidan da suka shigo suna tattakawa suna dariya. Ni da nake taƙama da digiri aka ba ni aikin miƙa curi, don Baba ya duba yaɓena sau ɗaya ya ce, "Ɗana, kai dai miƙo."

Bana ne karo na biyu da muka sake yaɓen. Ƙafar Baba ba ta bari ya hau tsani yanzu, daga kan tabarma yake nuni da sanda, jikansa ne a sama. Makuba ta gagara samuwa a kasuwa sai da aka aika ƙauye. Ya ce bangon arewa ma ya fara magana, a shirya masa baɗi, kuma a nemo azara shida tun yanzu kafin kuɗinta ya ƙara tashi.