Addu'ar Kirista Domin Shugabanni: Asalinta da Nauyinta

Kowace Lahadi, a majami'un ECWA da COCIN da EYN da Angilika da Katolika, akan kai shugabanni gaban Allah cikin addu'a: fastoci da dattawa da bishop-bishop, sannan shugaban ƙasa da gwamnoni da sarakuna. Yawan maimaici ya sa wasu na ganin abin cikon tsarin sujada ne kawai, alhali yana ɗauke da koyarwa mai nauyi a kan mulki.

Tushen al'adar yana cikin Littafi Mai Tsarki. A sura ta 29 ta littafinsa, Annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila cewa su yi wa birnin da ya bautar da su addu'a, domin zaman lafiyarsu na rataye da nasa. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya umarta a yi roƙo domin sarakuna da masu riƙe da iko, don jama'a su zauna cikin natsuwa. Sarakunan wancan zamani kuwa ba Kiristoci ba ne, wasunsu ma masu tsananta wa ikilisiya ne.

A nan ne ƙashin bayan al'adar yake. Kiristocin farko sun ƙi ƙona wa Kaisar turare, har wasu suka rasa rayukansu, amma ba su daina yi masa addu'a ba. Wasiƙar Kiliman na Rum, wajen shekara ta 96, tana ɗauke da irin wannan roƙo, haka ma Tartuliyan na Kartaj ya kare shi a rubuce a shekara ta 197. Duk wanda ake roƙa wa rahama mabukaci ne. Saboda haka addu'ar tana girmama mai mulki, tana kuma tuna masa cewa akwai wanda ya fi shi, wanda zai tambaye shi abin da ya yi da amanar talakawa.

Ambaton suna ma ba ƙaramin lamari ba ne. Limamin Katolika yakan kira sunan Fafaroma da na bishop ɗin yankin a kowace hadaya, alamar cewa ikilisiya ɗaya ce. Da cocin Otodoks na Rasha ya ɓata da na Kustantiniya a kan batun Yukiren a 2018, daina ambaton Batolomi, shugaban cocin Kustantiniya, a sujada na cikin matakan farko da ya ɗauka. A Amurka kuwa, bayan shelar 'yancin kai ta 1776, wasu limaman Angilika sun gwammace rufe majami'unsu da su cire addu'ar Sarkin Ingila da ke cikin littafin addu'a na 1662.

A Najeriya, a zamanin mulkin Janar Abacha, bishop-bishop na Katolika sun tsara addu'a domin ƙasa mai cikin ƙunci, daga baya suka ƙara wata a kan cin hanci da rashawa. Ba su zagi kowa ba, amma duk mai kunne ya ji gaskiya.

Yau al'adar na fuskantar haɗari biyu. Na farko fadanci. Da kakar zaɓe ta ƙarato, sai ɗan takara ya bayyana a sujadar godiya, a ba shi kujerar gaba, ya ajiye gudunmawa mai tsoka, addu'a kuma ta koma kirari. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Na biyu ƙiyayya: a hana shugaba addu'a, ko a roƙa masa masifa, don addininsa ko jam'iyyarsa ta bambanta. Duka biyun sun saɓa wa asali. Annabi Natan ya tsawata wa Sarki Dawuda ido da ido, Bishop Amburos na Milan kuma ya sa Sarki Tiyodosiyas tuba a fili bayan kisan kiyashin da sojojinsa suka yi a Tasalonika a shekara ta 390.

Don haka, ya ku masu jagorantar sujada, ku yi wa kowane shugaba addu'a, naku da wanda ba naku ba. Ku roƙa masa adalci da tsoron Allah kafin tsawon rai da nasara, kuma kada ku karɓi kyautar da za ta ɗaure muku harshe.