Teburin Karta a Tekun 'Yan Fashi: Nazari kan Puzzle Pirates da Takwarorinsa

A watan Disamba na 2003 wani ƙaramin kamfani na birnin San Francisco mai suna Three Rings ya buɗe wasan intanet da ya kira Puzzle Pirates. Daniel James da Michael Bayne, waɗanda suka kafa kamfanin a 2001, sun ɗora wasan a kan dabara guda: jirgin ruwa ba ya motsi sai an yi aiki tare. Kowane aikin jirgi an mai da shi wasan wasa ƙwaƙwalwa. Mai kula da filafilai yana jera tubala masu launi a allonsa, mai kwashe ruwan da ya shigo jirgi yana fama da nasa, kafinta yana toshe ramuka da guntayen katako, mai igwa yana ɗura harsashi, kyaftin kuma yana riƙe da akalar tafiya. In mai kwashe ruwa ya yi sanyin jiki, jirgi ya yi nauyi, gudu ya ragu, kowa ya ji a jikinsa. Ƙaramin jirgi yana ɗaukar mutum 7, babban jirgin yaƙi 75, kuma kowane gurbi mutum na gaske ne zai iya cike shi daga gaban kwamfutarsa a ko wace ƙasa yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wasan kuwa a kan haka aka gina shi tun daga tushe.

Amma ba a kwana a teku kullum. A tsibiran wasan akwai masaukai inda 'yan fashi ke haɗuwa bayan an raba ganima, kuma a cikinsu ne masu ƙera wasan suka riƙa ƙara tebura a sabuntawar da suka biyo baya. Akwai na takobi, akwai na dambe, akwai kuma na karta guda uku: Spades, Hearts, da poka irin ta Texas Hold'em. Wanda ya kalle su daga nesa zai ce duk karta ce. Tasirinsu a kan jama'ar wasan kuwa ya sha bamban ƙwarai, kuma wannan bambancin ya fi duk wani sabon tsibiri ko sabon jirgi bayyana inda irin waɗannan wasanni suka dosa.

Spades wasa ne na mutum huɗu, biyu-biyu, abokan wasa suna fuskantar juna. Ana raba karta 52, kowa ya sami 13. Kafin a jefa ko ɗaya, kowa zai faɗi yawan zagayen da yake ganin zai ci, a haɗa nasa da na abokinsa, ya zama alkawarin da su biyun za su cika. In sun gaza, maki ya zube. In sun yi ta wuce gona da iri, nan ma akwai tara. Ba a yarda abokan wasa su gaya wa juna abin da ke hannunsu ba, don haka mutum yana karanta abokinsa ne ta kartar da ya jefa da wadda ya riƙe. Wannan shi ne ainihin horon da jirgi yake bukata: sanin ƙarfin kai, faɗin gaskiya a kansa, da rufa wa abokin aiki baya. Biyun da suka daɗe suna Spades tare sun riga sun san juna kafin su hau jirgi ɗaya.

A Hearts kowa tasa ta fisshe shi. Ana gudun maki ne: kowace karta mai zanen zuciya maki ɗaya ce, sarauniya mai baƙin zanen mashi kuma 13, jimilla 26 a kowane rabo. Sai dai wanda ya yi ƙarfin hali ya kwashe dukkan 26 ɗin, shi ya tsira, sauran ukun su ɗauki nauyin. Saboda haka ko a nan akwai haɗin kai na ɗan lokaci, domin da zarar an hango mai wannan niyya sai ukun su taru su tare shi.

Ana iya sa kuɗin wasan a kan waɗannan biyun, ba a hana ba. Amma ana yanke adadin tun kafin a zauna, kuma wasan yana da ƙarshe: an kai makin da aka ajiye, an tashi. Poka ba ta da wannan iyaka. Ana ba kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, a yi ta ƙara kuɗi zagaye bayan zagaye. Wanda aka cinye yana iya sake zuba wani kuɗin ya ci gaba, teburin kuma ba ya watsewa muddin akwai masu zama. Lokacin da ta shigo wasannin intanet ma ba haka kawai ya zo ba. A 2003, shekarar da aka buɗe Puzzle Pirates, wani akanta ɗan Amurka mai suna Chris Moneymaker ya sami gurbi ta intanet a babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas, ya kuma lashe dala miliyan 2.5. Daga nan zazzaɓin poka ya kama Amurka da Turai, masu ƙera wasanni kuma suka bi inda jama'a suka karkata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, 'yan fashin tekun na gaske sun fi masu ƙera wasanni tsoron karta. Bartholomew Roberts, mutumin Wales da ake cewa ya kame jiragen ruwa sama da 400, ya shiga fashi ne a 1719 lokacin da aka kame jirgin bayin da yake wa aiki a Anomabu, gaɓar Ghana ta yau. Dokokin jirginsa suna nan a littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a Landan a 1724. Kowa yana da ƙuri'a a kan manyan al'amura. Kyaftin yana da kaso biyu na ganima. Ana kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa a yaƙi ana biyansa diyya daga asusun kowa. A cikin waɗannan dokoki akwai wadda ta hana yin karta ko ɗan lido a kan kuɗi. Dalilin a fili yake. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne a kan rabon da kowa ya yarda da shi, caca kuwa tana warware rabon a dare ɗaya. Wanda aka cinye ya kwana da ƙiyayya, ga makami a kusa, ga jirgi ba wurin gudu. Ba mutanen kirki ba ne, kuma bai kamata launukan wasa su rufe wannan ba: a farkon 1722 mutanen Roberts sun ƙone wani jirgi a Ouidah, gaɓar Benin ta yau, da bayi kusan 80 a ɗaure a cikinsa. An kashe shi a watan Fabrairu na wannan shekarar kusa da Cape Lopez a Gabon, aka yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast, aka rataye 52. Duk da muguntarsu, sun gane abin da caca ke yi wa ƙungiya, suka rubuta shi doka.

A Puzzle Pirates an ga irin wannan warwarewar, illa dai babu jini. Tattalin arzikin wasan yana da mashiga da mafita. Kuɗi, wanda 'yan wasa ke kira PoE, yana shigowa ne in an hau jirgi an ci jiragen da kwamfuta ke tuƙawa. Yana fita ta haraji, ta harsasan igwa da ke ƙarewa, ta tufafi da takubba da ke tsufa su lalace, ta jiragen da ke nitsewa a yaƙi. Tsakanin mashiga da mafita akwai maƙera, masaƙa, teloli da masu ƙera jirage, duk 'yan wasa ne masu shagunansu. Teburin poka ba ya ƙirƙirar ko sisi. Abin da yake yi kawai shi ne kwashe kuɗi daga aljihun masu yawa zuwa aljihun ƙalilan da suka ƙware. Wanda ya yi awa biyu yana kwashe ruwa a jirgi zai iya rasa ladansa a hannu ɗaya, wanda ya iya karanta mutane kuma ya tara a zama ɗaya abin da kyaftin zai yi makonni yana nema. Da wannan dukiya ana sayen jirage, ana biyan mayaƙa, ana kai wa tsibiri hari don a mallake shi. Ta haka teburin da ke kusurwar masauki ya sami ta cewa a kan wanda zai mulki tsibiri. Ba mamaki da ƙorafin da aka daɗe ana ji daga tsofaffin 'yan wasa shi ne, poka ta janye mutane daga jirage.

Wani canji na 2005 ya ƙara wa batun nauyi. Da farko ana biyan kuɗin wata ne a shiga wasan. A wannan shekarar Three Rings ya buɗe wani sabon teku, wato wata duniyar wasan ta daban, mai suna Viridian, inda shiga kyauta ce, amma manyan kaya da muƙamai sai da wani kuɗi na biyu, dablun, wanda ake saye da dalar gaske. Akwai kasuwar canji a cikin wasan inda 'yan wasa ke musayar dablun da PoE a farashin da su suka daidaita. Tsari ne mai wayo, yana kuma cikin na farko-farko a Yammacin duniya da suka nuna cewa wasan kyauta zai iya ciyar da masu shi. Mai lokaci ya yi aiki ya sayi dablun da gumi, mai kuɗi ya saya da kati, kowa ya samu. Sai dai hanyar ta buɗe: dala ta zama dablun, dablun ya zama PoE, PoE ya hau tebur. Kamfanin bai buɗe hanyar mai da PoE dala ba, wannan ne ma ya raba abin da gidan caca a idon doka. A aljihun wanda ya yi asara kuwa, dalar ta tafi ke nan. Mai karatun da ya san Whot ya san tazarar da ke tsakanin hannun da ake yi don raha a ƙofar gida da wanda aka ajiye kuɗi a gefen tabarma: karta ɗaya ce, fuskokin ne ke canzawa.

Disney ya bi wata hanyar. Wasansa Pirates of the Caribbean Online, wanda aka buɗe ranar 31 ga Oktoba 2007, ya sa teburan poka da blackjack a mashayun Port Royal da Tortuga, ya kuma cusa su cikin labarin kansa, har wasu ayyukan ba sa kammaluwa sai an ci wani adadi na zinariya a tebur. Ya ƙara da abin da Three Rings bai yi ba: maguɗi a matsayin dabarar wasa. Ɗan wasa yana tara karta a yawonsa, ya sauya ɗaya a ɓoye in hannu ya yi masa muni, in an kama shi a jefa shi kurkuku. Akwai ma teburin da ake zama da kwarangwal, inda lafiyar jikin ɗan wasa ce abin da ake sawa. Ta fuskar ƙira, wannan ya fi dacewa da labari, domin kartar ta zama wasan kwaikwayo na halin ɗan fashi, ba kasuwar da ke gogayya da teku ba. Ta fuskar tarbiyya kuwa akwai abin dubawa, tun da yara da matasa ne aka fi nufa da wasan, ga shi an mai da cin caca sharaɗin ci gaba.

Hukumomi sun farga daga baya. A 2018 Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗin gaske a wasanni caca ne. Daga 2020 PEGI, mai tantance wasanni a Turai, ta fara ba sabon wasan da ke koyar da caca alamar shekara 18. Tsananin ya kai har Balatro, wasan 2024 da ke amfani da jerin hannayen poka ba tare da ana sa kuɗi ba, ya sami 18, sai da aka ɗaukaka ƙara aka sauko da shi 12 a farkon 2025. Duk mai shirin sa teburin poka a sabon wasan 'yan fashi yau sai ya yi lissafin da Three Rings da Disney ba su yi ba a zamaninsu.

Wasannin biyu sun tsufa, kowanne da irin tasa. Disney ya rufe nasa ranar 19 ga Satumba 2013, masoyansa suka sake gina shi da kansu a ƙarƙashin sunan The Legend of Pirates Online, kyauta, da aikin sa kai. Sega ya sayi Three Rings a 2011. A farkon 2012 aka haɗe tekuna saboda raguwar jama'a: Midnight da Cobalt suka zama Cerulean, Sage da Hunter suka zama Emerald, Viridian da Malachite suka zama Meridian. A 2016 wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka karɓi riƙon wasan da sunan Grey Havens, a 2017 kuma suka fito da Dark Seas, sabon salon wasan mai ɓangarori biyu masu gaba da juna, don su maido da mutane fagen yaƙi.

Haɗe tekunan nan ya fito da matsalar da ƙananan ƙungiyoyin da ke riƙe da wasannin suke fama da ita a yanzu. Babban jirgin yaƙi yana son mutane da dama a lokaci ɗaya, da kyaftin mai haƙurin tara su. Spades tana son huɗu, biyu daga ciki su yarda da juna. Poka tana tashi da mutum biyu kacal, ko da tsakar dare, ko ba su taɓa gaisawa ba. Duk lokacin da jama'a suka ragu, ita ce ta fi saurin cika, ita ce kuma ke riƙe wasu tsofaffin 'yan wasa da suka gaji da teku, don haka masu riƙon wasan ba za su iya tumɓuke ta kai tsaye ba. Abin da ya rage a hannunsu shi ne ma'auni: iyakar kuɗin da za a iya zubawa a tebur, yawan ladan da jirgi ke kawowa, da sauƙin da sabon shiga zai samu wajen hawa jirgin da ke neman ma'aikata. A takardar sanarwar kowace sabuntawa, waɗannan layukan ƙanana ne, galibi a ƙasan labarin sabuwar hula ko sabon dodon teku, amma su ne ke yanke yawan jiragen da za su bar tasha a daren Asabar.