Sharhi a kan Kalmar "Mulkin Farar Hula"

Bahaushe ya ce suna linzami ne. In kuwa haka ne, to, ya kamata a duba sunan da jaridu da gidajen rediyo suka laƙaba wa dimokuraɗiyya, watau "mulkin farar hula", a ga inda wannan linzami ya ke jan tunanin jama'a.

Ba a hana kalmar yabonta ba. Gajeriya ce, mai daɗin faɗi, kuma ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san farar hula kishiyar soja ce. Ta kuwa yi amfani a Nijeriya, gama bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 babban burin mutane shi ne soja su koma bariki. Sun koma a 1979, Alhaji Shehu Shagari ya hau, amma ranar ƙarshe ta 1983 sai ga su sun dawo.

Aibin kalmar na farko shi ne ta faɗi suturar mai mulki, ba ta faɗi yadda ya ke mulkin ba. Hula kuwa abar sakewa ce. Janar Bare Mainasara ya kifar da Mahamman Usman a Nijar cikin Janairun 1996, kafin shekarar ta ƙare ya shirya zaɓe, ya zama shugaba. Haka kuma Tanja Mamadu, zaɓaɓɓe ne, amma a 2009 ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki domin tazarce. Duk da haka sunan mulkinsa bai sake ba, har soja suka tuɓe shi a 2010.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Kalmar ba ta yi wa talaka alkawarin kome ba, ba tsaron rai, ba adalcin shari'a. A ƙasar da yaƙi ya ci, waɗannan su ne abin da mutum ya ke fara tambaya. Tun 2015 Nijar ta ke fama da Boko Haram a yankin Difa, daga baya kuma wuta ta kama a Tilaberi. Da Janar Abdurrahman Ciyani ya tsare Shugaba Bazum ran 26 ga Yuli, 2023, hujjar da sojan suka kawo ita ce taɓarɓarewar tsaro. Wanda aka koya masa cewa bambancin mulki biyu hula ce kawai, da wace hujja zai ƙi nasu?

Mutanen ƙasar Gumel sun ɗanɗana sakamakon. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari, wadda ta ke ci ran Alhamis, ta rasa yawancin dabbobin da fatake su kan koro daga Damagaram. Ba a ba da umurnin buɗewa ba sai cikin Maris na 2024. Mai saye da mai sayarwa harshensu ɗaya, dangi ne ma, amma an ce an hore su ne domin a mai da farar hula.

Abin mamaki, 'yan siyasar dā sun fi dacewa da suna. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da jam'iyyar Jibo Bakari ta Nijar, duka biyu "sawaba" suka riƙe, kalmar da ta ke nufin sauƙin da talaka zai samu, ba rigar da shugaba zai sa ba.

Saboda haka ya kyautu marubuta su bar "farar hula" ga mutumin da ba soja ba. In kuwa tsarin su ke nufi, su faɗi sharuɗɗansa a fili: zaɓe na gaskiya, da majalisa mai iya ƙi, da alƙali mara tsoro, da shugaban da zai sauka in wa'adinsa ya cika.